Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hasken Leza a Alƙahira

A makon jiya na tsaya ne a inda allurar da ake yi min a wuya ta fara gundurata. Ga wanda bai bi labarin tun farko ba, risho ne ya fashe min ina amarya, wuta ta ci ni daga ƙasan haɓa har ƙirji. Ciwo ya warke, ya bar min tabo mai tudu, mai tauri, yana janye wuyana ƙasa har ba na iya ɗaga kai sosai. Allurar Kenalog da ake soka min cikin naman tabon kusan duk wata ta kwantar da gefe ɗaya, amma fatar da ke kewaye ta yi fari-fari, ta yi sirara. Ƙaiƙayi kuwa, in zafin bazara ya shigo Kano, sai dai Allah.

Yayana ne ya dage mu je Masar a yi min aikin leza, wato maganin tabo da na'ura mai harba haske mai ƙarfi. A Alƙahira wani ɗan Katsina da ke karatu a Azhar ya zame mana tafinta, kamar yadda ɗalibanmu da yawa ke yi wa masu zuwa neman magani. Yaron kirki ne, sai dai kunya ta yi masa yawa, duk maganar da zai faɗa min sai ya sunkuyar da kai tukuna.

Likitan bai kula na'urarsa ba da farko. Yatsa ya sa ya danna tabon, ya bi iyakarsa, ya tambayi inda wutar ta tsaya tun asali. Sannan ya yi magana mai tsawo, yaron ya juyo.

"Hajiya, ya ce ki gode Allah. Naki bai tsallake inda wuta ta ci ba. Akwai irin wanda ke tsiro a kunne bayan huda ko a ƙeya bayan aski, keloyid, shi yana ci gaba da cin lafiyayyar fata, kuma in an yanke shi kawai yakan dawo, wani lokaci ya fi da girma."

Abin da na fahimta daga bayaninsa shi ne, in fata ta ji ciwo jiki yakan zuba wasu zaruruwa da ake kira kolajin don ya ɗinke wurin. A lafiyayyar fata zaruruwan a sarƙe suke kamar saƙar tabarma, shi ya sa take miƙewa ta koma. A tabo irin nawa jiki bai san ya daina zubawa ba, zaruruwan suka taru jingim, masu kauri, ga ƙananan jijiyoyin jini birjik suna ciyar da su.

Na ɗauka leza iri ɗaya ce. Ashe kowace da abin da take nema a cikin fata. Akwai mai tsawon zango nanomita 595 (ma'aunin da ake bambanta haske da shi ke nan), ita jan jini take bi, ta toshe jijiyoyin nan. Ya ce ga mai farar fata tana aiki sosai, amma baƙin da ke fatarmu shi ma yana shan wannan hasken, sai ta ƙona sama kafin ta isa inda aka aike ta. Wannan maganar ita ta sa na yarda da mutumin. Da ya ɓoye maganar ya kunna min ita don kuɗina, da ban sani ba.

Wadda ya zaɓa min ita ce ta iskar kabon, mai nanomita 10,600, wadda ruwan da ke cikin nama ke shan haskenta. Ba ta ƙone fata gaba ɗaya. Ƙananan ramuka take hudawa a jere, waɗanda ido da ƙyar ke gani, ta bar fata a tsakaninsu ba ta taɓa ba. Daga wannan fatar da aka bari ne warkewa ke tasowa, jiki ya rushe wani ɓangare na tsohon kolajin ya shimfiɗa sabo mai laushi. Ana gamawa sai a shafa maganin nan na allura a kai, ya bi ramukan ya shiga ciki. Kafin komai sai da ya gwada a wani ɗan wuri can ƙasa, muka jira mu ga yadda fatata za ta karɓa.

Ranar aikin sun shafa min man kashe zafi suka rufe da leda kusan awa guda, suka sa min tabarau mai duhu. Zafin bai kai na allura ba. Warin ne ya kusa tashina daga gadon. Warin fata da gashi suna ƙonewa, wanda rabona da shi tun ranar risho, ga shi a ƙasan hancina. Na kama salati a fili, ma'aikaciyar ta riƙe min hannu tana ta "ma'alesh, ma'alesh", wato sannu, tana nuna min bututun da ke zuƙe hayaƙin.

Da na duba madubi da yamma, wurin ya kumbura, ɗige-ɗige a jere reras kamar an auna da ma'auni. Ya yi ɓawo na kimanin mako guda, aka hana ni ɓantara. Bayan ɓawon ya zube wurin ya fi da duhu, hankalina ya tashi, amma dama likitan ya ce baƙar fata takan yi haka kafin ta washe, matuƙar na guji rana ina shafa man kariya. Hijabi ya taimake ni a nan.

Sauƙin bai zo a ido ba. Ƙaiƙayi ne ya fara raguwa, na soma kwana ba na farkawa ina susa. Daga baya na lura tabon yana lotsawa in na danna, kuma ina iya ɗaga haɓa in sha ruwa a kofi ba tare da na karkata bayana ba.

Da muka dawo gida surukata ta zo sannu da zuwa. Ta ɗaga gefen mayafina ta duba, ta sake dubawa.

"To 'yar nan, ina aikin da aka ce an yi? Ai ga shi nan yadda kika tafi da shi."

Ban iya ba ta amsa ba, don likitan ya riga ya faɗa mana zama ɗaya ba ya isa, kuma ko an gama tabon ba zai ɓace ba. Maganar kuɗin komawa, da rigimar da ta haddasa tsakanin yayana da maigidana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.