Ranar da Na Zaɓa wa Bangon Falona Launi

Asabar, tsakiyar hunturu, Unguwar Rimi, Kaduna.

Yau na tashi da niyyar raba gardama a kan bangon falonmu, maganar da na yi wata biyu ina juya ta a raina. Tun da muka tare a gidan nan aka shafe falon gaba ɗaya da fenti ruwan toka, kujerun ma ruwan toka ne mai ɗan duhu, tayil ɗin ƙasa kuma fari. A damina ban ga aibinsa ba, domin ganyen mangwaron da ke bakin taga yana jefo wa ɗakin ɗan kore-kore mai daɗin kallo. Amma da hunturu ya kankama, hazo ya rufe sararin Kaduna, sai na ga waje toka ciki toka, har ɗakin ya riƙa yi mini kama da wurin jiran likita. Ba na son a canza fentin duka, domin ruwan toka yana ɓoye ƙura fiye da fari, kuma yana karɓar kowane irin labule. Abin da nake so shi ne a ware bango ɗaya tak a ba shi launin da zai ja ido, sauran ukun su zauna yadda suke.

Da muna karin kumallo maigidana ya ce a ɗauki bangon da talabijin take jikinsa a yi masa shuɗi mai duhu, domin a cewarsa bango mai duhu a bayan talabijin yana hutar da ido da daddare. Na yarda da hujjarsa, amma na nuna masa cewa wannan bangon yana da taga a gefe da kuma wayoyi da soket, launin zai kakkarye ne kawai. Bangon da ya dace shi ne wanda yake fuskantar ƙofar shigowa, bayan doguwar kujera, domin ba shi da taga ko ƙofa, kuma shi ne farkon abin da idon baƙo yake sauka a kai da zarar ya yi sallama. Ya ce, "To, ke ce uwar ɗaki, ki je ki gani da idonki."

Da hantsi na ɗauki ƙanwata muka nufi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, daga nan muka bi shagunan kayan gini da ke kusa da titin Ahmadu Bello. A shagon farko aka baje mana takardar manna wa bango kala-kala, wata mai furanni ruwan zinare, wata mai kama da jan bulo. Sun yi kyau a ido, sai dai na tuna yadda irinta ta ɓare daga ƙasa a gidan wata maƙwabciyata bayan ruwan watan Agusta, saboda danshin da ke tasowa daga tushen gini yana kashe gam ɗin. An kuma nuna mana faifan roba masu tudu da kwari, da siraran katako da ake jerawa a tsaye, waɗanda ake yayinsu yanzu. Na sa yatsa a cikin kwarin ɗaya daga cikinsu na fito da jar ƙura. Duk wanda ya san Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya san cewa kowane lungu a jikin bango aikin shara ne na kullum, don haka na haƙura da su na koma kan fenti zalla.

Mai shagon fentin dattijo ne mai haƙuri, kuma shi ya fara tambayata abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce, "Hajiya, tokar taki tana karkata zuwa shuɗi ne ko zuwa ruwan ƙasa?" Na nuna masa hoton falon a waya, ya ce tawa mai sanyi ce, mai ɗan shuɗi-shuɗi, saboda haka idan na ƙara mata shuɗi ɗakin zai ƙara sanyi, amma launi mai ɗumi kamar ruwan goro, ruwan ɗorawa ko ruwan makuba zai tashe ta. Ya kuma ce in duba ƙwan lantarkin da muke amfani da shi, domin farin ƙwai mai lamba 6500K yana sa launi ya yi fayau, mai lamba 3000K kuwa haskensa ruwan zuma ne, yana ƙara wa ja armashi.

Da ya ambaci makuba sai zuciyata ta tafi Zariya, gidan kakata a cikin ganuwa. Makuba dai daga ɓawon ɗorawa ake samunta, magina na gargajiya suna shafe bangon ƙasa da ita domin ta kare shi daga ruwa, ta kuma bar masa launi ja mai duhu wanda ba ya gundurar ido. Na tuna zanen dagi da ke fuskar zaurukan birnin da ƙofar fadar Sarkin Zazzau, inda ake ƙawata fuskar gini a bar sauran jikinsa ba ado. Na tuna ɗakin Inna ma, inda bango ɗaya ne yake ɗauke da jeren tasoshi da kwanukan samira tun daga ƙasa har kusa da rufi, sauran bangwayen kuwa farar ƙasa ce kawai. Ashe abin da nake ta nema a hotunan gidajen Turai, iyayenmu mata sun daɗe suna yinsa da kayan aurensu.

Na sayo ƙananan gwangwanaye uku na gwaji: shuɗin baba don in cika wa maigida burinsa, ruwan ɗorawa, da ruwan makuba. Bayan azahar na shafa kowanne a jikin bangon, faɗin kamar sallaya, shafa biyu, na jira ya bushe, domin ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. Ruwan ɗorawa ya faɗi tun da wuri, ya yi ihu da yawa kusa da kujerun. Shuɗin ya yi kwarjini da rana, amma bayan magariba da aka ɗauke wuta muka kunna fitila mai caji, sai ya rikiɗe ya koma kusan baƙi, ɗakin ya tsuke. Makuba kuwa da la'asar, lokacin da rana ta ratso ta tagar yamma, ta yi wani irin haske kamar garwashi, kuma da dare ba ta mutu ba. Maigidana ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar shuɗin a kai shi jikin matasan kujera.

Na auna bangon da tef: tsawonsa mita 4, tsayinsa mita 3, wato murabba'in mita 12. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, don haka galan mai lita 4 zai isa shafa biyu har a rage na gyara, ba sai na sayi bokiti mai lita 20 ba. Zan ɗauki mai ɗan santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda hannun yara. Na kira mai fenti na roƙe shi ya fara cike tsagar da ke kusurwar sama, ya kuma manna tef a gefuna don kada jan ya taɓa tokar ko silin.

Kafin in kwanta na buɗe akwatin da Inna ta bar mini, na fito da faya-fayanta na kaba masu rinin ja da baƙi da kore. Guda bakwai ne, biyu sun ɗan zare a baki, gobe zan kai wa wata tsohuwa a Tudun Wada ta ɗinke su. Na jera biyar ɗin a ƙasa a gaban bangon, babban a tsakiya, ina gwada tazarar da zan bari tsakaninsu idan fentin ya bushe ranar Talata.