Bin sawun maganin ƙwari a dausayi da bakin rafi

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma aikinsa bai wuce abu ɗaya ba. Hukumar kula da muhalli kan ba da kwangila a shiga wuraren da namun daji suka dogara da su, wato dausayi, fadama, ƙananan rafuka da gefen gandun dajin da aka keɓe, a ɗebo ruwa da laka da ƙwarin ruwa, wani lokaci har da gawar tsuntsu, a gano ko maganin da ake fesawa a gonakin da ke kewaye yana isa wurin, da irin ɓarnar da yake yi. Manyan na'urorin awo ba namu ba ne, na ɗakin gwaje-gwaje ne da muke kai wa samfuri. Namu shi ne aikin fili, kuma a filin ne ake gyara sakamako ko a ɓata shi tun kafin ya kai hannun mai awo.

Gwamnatoci sun fara wannan bibiya ne saboda wani tsohon maganin ƙwari mai suna DDT. A 1967 wani masani, Derek Ratcliffe, ya nuna cewa ɓawon ƙwan shaho da danginsa a Birtaniya ya yi ta raguwa tun bayan fara amfani da maganin, har ƙwai na fashewa a ƙarƙashin uwa. Amurka ta hana fesa shi a gonaki a 1972, sannan yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita shi a duniya. Irin wannan magani yana da sauƙin kamawa, domin yana zama a laka da kitsen dabba shekara da shekaru. Duk ranar da ka je za ka same shi. Yawancin magungunan yau ba haka suke ba. Suna zuwa da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, su kashe abin da za su kashe, ruwa ya tafi da su. Amma tsarin bibiya na hukumomi da yawa har yanzu na zamanin DDT ne: a je sau ɗaya a wata, a cika kwalba, a dawo.

Wannan ita ce babbar matsalar sana'ar. Magani yana shiga rafi ne idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi cikin kwanakin da suka biyo bayan feshi. Ruwan ya wanke ganye da ƙasa, ya gangara, adadin maganin ya haura sama ya sauko kafin gari ya waye. Wanda ya zo ranar sha biyar ga wata saboda takardar kwangila ta ce haka, ruwa mai tsabta zai ɗeba, rahoto ya ce lafiya lau, alhali ƙwarin rafin sun riga sun mutu. Jamus ta gwada wannan a 2018 da 2019 a ƙananan rafuka sama da 100, inda aka riƙa ɗaukar samfuri a daidai lokacin da ruwa ya taso, aka tarar kusan huɗu cikin kowane rafi biyar sun wuce iyakar da doka ta ɗauka ba za a wuce ba. Maganin wannan matsala ba shi da tsada. Ana kafa turken ƙarfe a cikin rafi, a ɗaura masa kwalabe biyu, bakin ɗaya santimita 5 sama da fuskar ruwa, ɗayar santimita 15. Murfin yana da 'yan bututu biyu, ɗaya na shigar ruwa, ɗaya na fitar iska. Ruwa na tasowa sai su cika da kansu. Sharaɗin kawai shi ne a je a ɗauko su cikin kwana ɗaya, wanda ke nufin ma'aikaci ya kwana da shirin fita duk daren da hadari ya haɗu. Shi ya sa muke naci tun wajen rubuta kwangila a sa kuɗin fitar gaggawa, ko da za a rage yawan zuwan wata-wata.

Kowane wurin awo sai an haɗa shi da abokinsa a sama, inda ruwa bai riga ya ratsa gonaki ba. Idan babu wannan, duk abin da ka samu za a ce maka daga wani wuri ya zo.

Batun kwalba kuwa, mutane na raina shi. Yawancin magunguna ana ɗebe su a kwalbar gilashi mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai cin lita ɗaya, murfinta da shimfiɗar Teflon a ciki, wata irin roba da magani ba ya laƙe mata. Launin yana tare hasken rana da ke rusa maganin, gilashin kuma ba ya tsotse shi kamar roba. Sai dai gilaifoset, maganin ciyawar da aka fi fesawa a duniya, akasin haka yake: manne wa gilashi yake yi, don haka nasa samfurin a robar awo ake zuba shi. Wanda ya zuba komai a kwalba iri ɗaya ya yi asarar rabin aikinsa bai sani ba. Ana tsayawa ne a ƙasan inda za a ɗeba, fuska na kallon inda ruwa ke fitowa, don kada lakar da ƙafa ta tayar ta shiga. A nutsar da kwalbar kamar tsawon tafin hannu, a cika ta, a rufe, a sa a akwatin sanyi da ƙanƙara nan take. Sanyin kada ya haura digiri 6, kuma kada ya daskare, domin kwalbar za ta tsage. Ƙa'idar da aka saba ita ce a tace maganin daga ruwan cikin kwana 7, a auna abin da aka tace cikin kwana 40. Ga magungunan ƙwari dangin fairetiroid, irin su saifametirin da fametirin, kwana bakwai ma ya yi yawa, saboda suna barin ruwan su laƙe a jikin kwalba. Dole mai awo ya ɗauraye kwalbar da sinadarin narkarwa ya haɗa da samfurin, in ba haka ba maganin na nan a gilashi, takarda ta ce babu.

Ma'aikacinmu ba ya shafa maganin sauro ranar ɗiba, ba ya sa rigar da aka jiƙa da fametirin, ba ya taɓa karen da aka ɗiga wa maganin ƙuma. Ana awon nan ne da nanogiram, kashi ɗaya cikin biliyan na giram, ɗan abin da ya rage a yatsa ya isa ya ɓata samfuri. Safar hannu sabuwa a kowane wuri. Don tabbatar da cewa ba mu ne muka kawo gurɓatar ba, cikin kowane samfuri goma akwai kwalba ɗaya ta tataccen ruwa da ake buɗewa a fili, a juye, a rufe, ta yi tafiya tare da sauran. Akwai kuma wuri ɗaya da ake ɗiba sau biyu a ba su lamba daban, mai awo bai san tagwaye ba ne. Idan sakamakonsu ya yi nisa da juna, akwai magana. Kowace kwalba tana tafe da takardar da ke nuna wanda ya riƙe ta, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da sa hannu. Ranar da magana ta kai kotu, wannan takarda ake fara nema.

Inda ba za a iya yawan zuwa ba, ana barin tarkon sinadari a ruwa. Wanda aka fi sani shi ne POCIS: garin da ke tsotsar magani a tsakanin fatu biyu masu laushi, an matse su da zoben ƙarfe, an sa a keji. Yana kwana 14 zuwa 28 a nutse. Amfaninsa shi ne duk abin da ya wuce sai ya bar alama. Rauninsa shi ne matsakaicin adadi yake bayarwa, ba ya faɗin yadda maganin ya kai a sa'ar da ya fi yawa, kuma wannan sa'ar ce ke kisa. Gansakuka kan toshe fatar, ruwa kan janye ya bar kejin a tudu, wani kuma ya gan shi ya ɗauke. A kafa shi inda ruwa ke gudana kullum, a ɓoye igiyar.

Laka ana kwasar ta sama ce kawai, santimita 2, da cokalin ƙarfe mara tsatsa, daga kwanar da ruwa ke lafawa yana ajiye taɓo mai laushi. Yashi ba ya riƙe komai. A haɗa daga wurare biyar zuwa goma a gauraya, sannan a nemi a auna yawan ruɓaɓɓen ganyen da ke ciki, domin shi ke ɗaure maganin, shi kuma ke nuna nawa ne zai kai ga halittun da ke zaune a wurin.

Akwai kalmar da ta fi kowace cutar da namun daji a rahotannin nan, ita ce "ba a gano ba". Kowace na'ura tana da ƙasan da ba ta gani. A 2013 Tarayyar Turai ta sa iyakar saifametirin a ruwan koguna a nanogiram 0.08 cikin lita, a matsakaicin shekara, ɗakunan gwaji da yawa kuwa ba sa iya ganin abin da ya gaza nanogiram ɗaya ko fiye. Ke nan ruwa zai iya ninka iyakar sau goma, takarda ta fito fes. Kafin mu kai samfuri ko'ina, sai mun karɓi jerin mafi ƙanƙantar adadin da suke iya aunawa na kowane magani, mu jera shi da adadin da ke cutar da halittun ruwa. Duk inda na farko ya fi na biyu, sai mu rubuta ƙarara cewa awon bai isa ya wanke wurin ba. Jami'in da ke son rahoto mai daɗi ba ya jin daɗin wannan layi, amma cire shi ha'inci ne.

Saboda wannan giɓi ne muke tambayar halittun da kansu. Ana kafa raga mai ido rabin milimita a ƙasan rafi, a tattaka duwatsu da laka a gabanta na minti uku, a juye abin da ta kama a farin tire, a adana a barasar awo mai ƙarfin kashi 70 ko sama. Rafi mai lafiya tiren cike yake da motsi: 'ya'yan mazari, ƙananan jatan lande, tsutsotsin da ke gina wa kansu gida da tsakuwa. Rafin da magani ya bi ta kansa sai ka ga dodon koɗi da jajayen tsutsotsin laka sun mamaye, masu laushin sun ɓace. Amma ƙarancin iskar shaƙa a ruwa ma yana kawo irin wannan hoto, don haka tilas a auna ta a wurin, da zafin ruwa da tsaminsa, kafin a ɗora wa feshi laifi. Ƙwarin nan su ne abincin kifi da kwaɗi da tsuntsaye. A Holan, binciken da aka buga a 2014 ya nuna cewa inda maganin ƙwari imidakulofirid ya haura nanogiram 20 cikin litar ruwa, tsuntsaye masu cin ƙwari na raguwa da kusan kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. Masu binciken na zaton yunwa ce ta fi yi musu illa, ba guba kai tsaye ba. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da imidakulofirid da 'yan'uwansa biyu a fili.

Gawar tsuntsu aiki ne na gaggawa. Dila da kyanwar daji da tururuwa kan share yawancin ƙananan gawarwaki cikin kwana biyu ko uku, saboda haka wanda aka tsinta kaɗan ne daga wanda ya mutu. Don sanin girman giɓin, ana ajiye gawarwakin da aka yi wa alama a filin, a ga nawa masu nema suka gano, nawa aka ɗauke kafin su zo. Wadda aka samu, a ɗauki hotonta a inda take, a naɗe da takardar alminiyom, a sa a leda biyu, a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili. Abin da ke ƙundu da hanji shi ke nuna maganin da ta ci. Ƙwaƙwalwa kuma ana auna kolinestares a cikinta, sinadarin da dangin oganofosfet da kabamet ke danne wa. Idan ya ragu da kashi 20 bisa na lafiyayyen tsuntsu irinsa, alamar ta haɗu da maganin ce. Idan ya kai rabi, ana ɗaukarsa dalilin mutuwa. Da kabamet, irin su kabofuran, sinadarin kan farfaɗo a gawar da ta daɗe cikin zafi, shaida ta goge. Jinkirin yini ɗaya kan jawo haka. A Ajantina tsakanin 1995 da 1996, an ƙiyasta shahuna masu ƙaura kusan 20,000 sun mutu bayan cin fārin da aka fesa wa monokurotofos, kuma gawarwakin da aka tattara da wuri su ne suka ba da hujjar hana shi. Birtaniya tana da tsari na dindindin da jama'a ke kai rahoton duk dabbar da ake zargin guba ta kashe, abin da ya kamata kowace hukuma ta kwaikwaya, domin ma'aikata ba za su kasance ko'ina ba.

Feshin da iska ke kwasa muna auna shi da rawayar takarda da ke komawa shuɗiya duk inda ɗigo ya taɓa, a kafa ta a mita 1, 5, 10, 20 da 50 daga bakin gona ta ɓangaren da iska ke nufa. Raɓa da gumin yatsa na ɓata ta. Ɗigon da ya gaza maikuron 150 (maikuron dubu ne milimita ɗaya) shi ke tafiya nesa, kuma tsit ɗin asuba ya fi iska mai ɗan motsi haɗari, don hazon maganin yana rataye ne a ƙasa-ƙasa ya sulale zuwa kwari, inda dausayin yake.

Duk wannan ba ya tafiya sai da manoman da ke kewaye. Su suka san abin da aka fesa da ranar da aka fesa, kuma jerin nan shi ke gaya wa mai awo abin da zai nema, tunda na'ura ba ta ganin maganin da ba a saita ta a kansa ba. Manomin da ya ɗauka tarko aka zo ɗana masa ba zai buɗe baki ba, don haka tun ranar farko muke bayyana masa wanda ya aiko mu da inda sakamakon zai je, kuma muna roƙon hukuma ta ba shi kwafi. Sau da yawa gyaran da ake bukata ƙarami ne: a bar zirin ciyawa na 'yan mitoci a bakin ruwa, a canza bakin famfon feshi zuwa mai manyan ɗigo, a daina wanke tanki a rafi, a ɗaga feshi idan ana sa ran ruwan sama. A rahoto muna sa ranar feshi, ranar ruwan sama da ranar ɗiba a layi ɗaya ga kowane wuri, domin jami'in da zai yanke hukunci ya ga da idonsa ko an je a kan lokaci ko an makara.