Gado da Taba: Abin da Aikin Ido Ya Koya Mini a Garwa

A ɗakin duba ido, da zarar tsoho ya ce yana gani hazo-hazo, hankalin kowa kan yanar ido yake tafiya, kuma galibi ita ce. Ita da hawan jinin ido suka fi kawo mana mutane a nan Garwa. Amma akwai wata cuta da likitocinmu ke rubutawa DMLA a takarda, wato lalacewar tsakiyar gani da ke zuwa da tsufa, wadda aikin jinya ya koya mini in riƙa nemanta tun kafin mai ita ya yi kuka da ita.

A can bayan ido akwai tantanin da ke karɓar haske. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri, faɗinsa bai kai milimita 6 ba, ana ce masa makula. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mutum. Cutar tana farawa ne da wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa da ke taruwa a ƙarƙashinsa, galibi bayan shekara 50. Babu ciwo, babu ƙaiƙayi, gani garau. Sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an leƙa ciki ake ganinsu.

Na sha jin ana cewa cutar Turawa ce. Gaskiya ta fi yawa a cikinsu, amma ba ta bar mu ba. Wani babban nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2014 ya nuna matakin farkonta yana samun kusan kashi 11 cikin 100 na Turawa masu manyan shekaru, da kusan kashi 7 na 'yan asalin Afirka. Bakwai cikin ɗari ba abin rainawa ba ne.

Maganar gado kuwa tabbas ce. A 2005 masu bincike suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CFH, wadda ke da hannu a garkuwar jiki, yana ƙara haɗarin cutar sosai. Daga baya aka gano wasu ƙwayoyin gadon, ARMS2 da HTRA1, zuwa 2016 an lissafa wurare 34 masu alaƙa da cutar a ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Mu ba ma yin gwajin waɗannan ƙwayoyin gado, kuma ko a Amurka ƙungiyar likitocin ido ba ta ce a riƙa yi wa kowa ba. Abin da muke da shi tambaya ce: "Baba, a gidanku akwai wanda da ya tsufa ya daina gane fuska, amma yana zuwa masallaci ko kasuwa ba ɗan jagora?" Haka cutar take, tana cin tsakiya ta bar gefe.

Wani dattijo mai ɗinkin hula na yi wa tambayar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai haka innarmu ta yi. Sai ka yi magana take sanin kai ne. Gado ne, ɗana, ba yadda za a yi." Yana faɗa ina hangen kwalin sigari a aljihun rigarsa.

Wannan "ba yadda za a yi" ita ta fi damuna a aikin nan. Shekaru ba a hannunmu suke ba, iyaye ma ba mu muka zaɓa ba. Amma taba fa? Ita ce babbar musabbabin da mutum zai iya ajiyewa. Mai shanta haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha aƙalla sau biyu, idan kuma ta haɗu da gado abin ya fi muni. Wanda ya daina, haɗarin yana sauka sannu a hankali cikin shekaru. Don haka wanda ya gaji cutar shi ya fi kowa buƙatar rabuwa da taba. Na ce masa, "Baba, gadon inna ba za mu iya cire shi ba, amma wannan na aljihunku ku ba ni shi." Samarin da ke zaman shisha ma ina jiye musu.

Hawan jini da ƙiba su ma suna taimaka mata. Abinci kuwa Allah ya hore mana: zogale, alayyahu da sauran ganye, da gwaiduwar ƙwai, suna ɗauke da sinadaran lutin da ziyazantin da makula ke tarawa, ga kifin Binuwai da na tafkin Lagdo. Ƙwayoyin bitamin na AREDS2 masu tsada an ga amfaninsu ne ga wanda cutarsa ta kai matsakaicin mataki. A matakin farko ba a tabbatar suna hana ta ba, shi ya sa ba na son ganin talaka ya zuba kuɗin cefanensa a kansu ba da umarnin likita ba.

Kafin dattijon ya tafi na nuna masa gwajin gida: ya rufe ido ɗaya, ya dubi layin rubutu ko bakin ƙofa, sannan ya sauya. Idan miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, ko tsakiya ta yi duhu, kada ya zauna jiran "yana ta nuna", ya zo a makon, domin nau'in da ke tsiyayar ruwa da jini yana cin gani da sauri, kuma allurar da ake yi masa a ido ta fi amfani da wuri. Na kuma roƙe shi ya turo ƙannensa da duk wanda ya haura 50 a gidan a leƙa bayan idonsu.