Daga Maraɗi zuwa ɗakin kara: horon da na samu a wurin aiki

Mutumin Maraɗi ba ya ɗaukar Katsina a matsayin ƙasar waje. Sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan da suka bar birnin bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa garinmu. Ka bi ta Ɗan Isa, ka tsallaka iyaka a Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya. To amma ziyara daban, neman abinci daban. Can da dala da jika muke lissafi, nan naira ce, kuma rabin ciniki ta waya ake tura kuɗinsa. Na yi makaranta da Faransanci, nan takardar aiki da Turanci take zuwa.

Aikin lantarki na koya a gida, shi ya kawo ni wani kamfanin haɗa sola a cikin birnin Katsina. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, zuwa gida ya yi wuya har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, sai na tattara hankalina a nan. A shekarar 2023 ɗin ce kuma aka cire tallafin man fetur a Najeriya, masu janareta suka koma neman sola, naira ta faɗi, farashin batir da faranti ya riƙa tashi. Aiki ya yi yawa, rigima da masu saye ta fi shi yawa. Shi ya sa maigidanmu ya ɗauko wata Hajiya ta ba mu horo kan mu'amala da mutane.

Wasu daga cikinmu sun ɗauka ɓata lokaci ne. A garin da ake yi wa kirari da ɗakin kara, wa zai koya wa wani gaisuwa? Hajiya ba ta tsaya kan gaisuwa ba. Ta ce mu faɗa mata me muke cewa idan Alhaji ya tambaya ko aikinsa zai kammala kafin Juma'a, alhali mun san kayan ba su iso daga Kano ba. Kusan duk ɗakin amsa ɗaya: “To, Alhaji, in sha Allahu.”

Nan ta daɗe. Ta ce kara ce ta hana mu faɗa masa gaskiya, amma shi ya tafi da alkawari a hannunsa, ranar Juma'a kuma sai ya kira mu maƙaryata. Ta sa muka yi gwaji, ɗaya ya zama mai saye, ɗaya ma'aikaci. Wani dattijo a cikinmu, wanda muke kira Baba, ya hau kujerar Alhaji ya haɗe rai, yana buga tebur cewa batirinsa ba ya kai asuba. Ƙa'idar ita ce kada ka katse shi. Ka bari ya zazzage, ka maimaita masa kokensa da bakinka don ya san ka ji, sannan ka tambayi abin da ke kan layin. Sai ka tarar an ƙara firji da dutsen guga kan kayan da aka auna don fanka da ƙwan fitila. A nan ne za ka ce, “Ranka ya daɗe, batirin lafiya yake, kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfinsa. Ga abin da zai iya ɗauka, ga kuɗin ƙari idan kana so.” Ba ka zubar masa da girma ba, ba ka kuma ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba.

Sauran darussan sun zo da sauƙi: a kira maigida kafin a isa gidansa, a yi sallama a jira a ba mata lokaci su kimtsa, kada a hau rufi ba tare da an sanar da maƙwabta ba, a rubuta farashi da ranar da farashin zai daina aiki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zancen tsakaninmu ma'aikata. Baƙo yana da wani tsoro da ɗan gari bai sani ba. Kana ganin idan ka ce ba ka gane takarda ba, za a ce ɗan Nijar ne, bai iya ba, sai ka yi shiru ka ci gaba da lalube. Hajiya ta kafa doka cewa duk wanda aka ba umarni ya maimaita shi kafin ya fita, babba ne ko yaro, don kada tambaya ta zama abin kunyar mutum ɗaya. Ta kuma ce gyara a keɓe ake yin sa, ba a gaban mai saye ba. A ganina wannan dokar ta fi komai amfani, domin ta sauke mini nauyin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan an tashi wani abokin aikina Bakatsine ya ja ni gefe. “Malam, ai da ka yi magana tun farko. Kawo takardar mu duba tare.” Tun daga lokacin shi yake taya ni rubuta rahoto, ni kuma idan kaya suka zo da bayani cikin Faransanci, ko wani ɗan kasuwa ya kira daga Maraɗi ko Damagaram yana lissafi da sefa, ni ake miƙa wa waya. Yanzu maigida ya fara tura ni da yara biyu aikin Daura da Mai'aduwa, kuma kafin mu tashi kowannensu sai ya maimaita mini abin da zai yi.