Na Bar Ofishin Zane: Darussan da Na Koya a Filayen Ƙauye

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin ofishin zanen gine-ginen da nake yi wa aiki tun bayan da na gama difloma. Masu kirana a waya suna tambaya ko lafiya, to lafiya lau, na gode. Waɗanda muka yi zama tare a wurin sun san dalili, ba sai na faɗi sunan kowa ba. Ƙannenmu da ke karatun gini, waɗanda ke ganin aikin duk a kan kwamfuta yake, su ne suka sa na ce bari in rubuta.

Oganmu zane ɗaya ne da shi: falo, ɗaki uku kowanne da banɗakinsa a ciki, kicin, da ɗan wurin ajiye mota. An yi shi ne don fuloti mai ƙafa 50 da 100, irin na shimfiɗar gwamnati a Dutse ko Kano. Ko daga ƙauyukan Ringim mutum ya zo, ko Taura, ko Jahun, suna kawai ake canjawa a ƙasan takarda a buga masa. Alhali filin ƙauye ba ya zuwa da kusurwa huɗu daidai. Ko dai gado ne aka tsaga wa 'yan'uwa ya fito dogo siriri, ko gona ce aka yanka da awon igiya, iyakarta gamba ko bi-ni-da-zugu, ko wata tsamiya da kowa a unguwar ya san ta amma babu ita a takarda.

Wani dattijo ne ya zo mana, tsohon malamin firamare, ya karɓi garatutinsa yana so ya fita daga gidan gado da ya yi musu kaɗan. Mata biyu, mahaifiya tsohuwa, ga babban ɗansa ana shirin yi masa aure. Ni aka tura awo. Filin a bakin gari yake, gabansa ƙafa 60, bayansa ya tsuke zuwa 42, tsawonsa bai cika 95 ba. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wayar wuta mai ƙarfin 33kV da ta bi ta saman gefen gaba. Ƙa'idar irin wannan waya sananniya ce: mita 11 ake bar mata, wato mita 5.5 kowane ɓangare, kusan ƙafa 18. Ba a gini a ciki. Na auna, na rubuta a littafina, na zana layin da jan biro.

Da na dawo sai na yi wa filin nasa zane. Na bar ƙarƙashin wayar fili, ko dakali ba a ɗora ba, na ja zaure baya da layin. Ɗakunan matan na jera su a jikin katangar arewa, na tsohuwa kusa da ƙofar shiga don kada ta riƙa doguwar tafiya, turakar Malam a kudu, tsakar gida a buɗe. Can inda filin ya tsuke na sa madafa da makewayi. Na kuma bar wa ɗan nasa wurin ɗaki da falo da za a iya fasa masa ƙofa ta lungu in lokaci ya yi. Har yau ina ganin wannan zanen yana cikin mafi kyawun abin da hannuna ya yi.

Oga ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya turo mini takardar. Ya ce, "Wannan ai gidan ƙauye ne. Mutum ya kawo kuɗinsa ka zana masa abin da ya baro?" Na ce, "Yallaɓai, wayar fa?" Ya ce, "Waya a sama take, gini a ƙasa. Kai za ka koya mini aiki?" Abin da bai faɗa ba shi ne kwangilar ginin ma shi zai karɓa, kuma zanensa ya fi cin bulo da rodi da kwano. Ya sa aka juya nasa zanen, aka tura falon har ƙarƙashin wayar don ɗakunan baya su samu shiga inda filin ya tsuke. Ya sa hannu ya buga hatimi.

An haƙa fandisho, an zuba dipisi, wato kankaren da ke hana danshi hawa bango, gini ya tashi har linta. Ana maganar kiran kafinta sai ma'aikatan hukuma suka zo da jan fenti suka shafa wa bangon gaba. Ba su yi zalunci ba. Kafinta da zai hau can da fallen kwano a hannu, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Falo da ɗaki guda aka rushe. Bulon da aka ciro da kyar rabinsa ya moru, siminti da yashi kuwa sun tafi kenan.

A ƙofar gidan dagaci aka yi zaman, bayan la'asar, kan tabarmi. Aka tambayi Oga yadda aka yi. Ya gyara hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan na tura awo, abin da ya kawo mini shi na yi aiki da shi." Malam ya juyo ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, ashe haka za ka yi mini?" Littafin awon yana cikin aljihun rigata, da jan layin a ciki. Ban fito da shi ba. A gaban manya ba a ƙaryata wanda kake ci a ƙarƙashinsa, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma na ɗauka in mun koma ofis zai kira ni gefe ko da "yi haƙuri" ce ya ce. Abin da na gani shi ne an yanke mini albashi, wai gudummawata ga asarar. Birkilan da ya yi aikin ne daga baya ya gaya wa Malam gaskiya, don yana wurin ranar da na nuna wa Oga wayar.

Saboda haka duk wanda zai shiga wannan aiki, awon da ka yi ka ɗauki hotonsa da wayar hannu, ka tura wa na sama da kai a rubuce, ka ajiye. In an ƙi shawararka, a ƙi ta a rubuce. Wasu shugabannin ba sa tuna abin da suka faɗa da baki sai in zai amfane su.

Sai maganar takarda. Mutanenmu da sun riƙe takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu, sun ɗauka magana ta ƙare. Takardar tana da amfaninta, ita ke nuna wa ya sayar wa wa. Amma ba ta gaya maka inda aka hana gini. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ba na birni ba ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsa na gargajiya, na birni kuma yana hannun gwamna, kuma gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni. Gari na iya girma ya shiga wannan sahu mai fili bai sani ba. A Kano, inda abin ya kai haka, hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce ke duba zane kafin a sa bulo. In kuma filin a bakin titin gwamnatin tarayya yake, mita 45.72 ake aunawa daga tsakiyar kwalta kowane ɓangare. Dillali ba zai gaya maka ba, shi "bakin titi" yake sayarwa, kuma a kansa yake ƙara kuɗi.

Kada ka yarda da filin da ka gani da rani kawai. A watan Maris ko'ina tudu ne. Ka koma a Agusta, ko ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke kwanciya, ka kuma dubi gindin katangun maƙwabta, layin danshi da gishiri na nan ba ya ɓuya. Ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Ringim bambancin gidan da aka ɗaga fandishonsa da wanda aka yi wa rowar layi biyu na bulo. Mai gida zai yi ƙorafin kuɗin ciko. Bar shi ya yi.

Abin da ya fi ba ni wahala a ƙananan filaye shi ne rijiya da masai. Masana lafiya na son mita 30 tsakaninsu. Fuloti mai 50 da 100 gaba ɗayansa kusan mita 15 ne da 30, ka ga ko ka kai ɗaya wannan kusurwa ɗaya waccan, da kyar ka tsira. Kuma ko ka tsira da naka, ta yiwu masan maƙwabci na bayan katanga daidai inda za ka haƙa rijiyar. Ba dokar da za ta warware maka wannan, sai ka yi sallama da maƙwabcin ka tambaye shi. In kun zauna ɗin, ku gama maganar inda ruwan kwano zai zuba da inda rariya za ta fita, don yawancin shari'ar da ke zuwa gaban mai unguwa da damina daga nan take tasowa. Taga kuma kada ta leƙa tsakar gidan wani.

Sauran ƙanana ne. Zaman masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, a ba shi filasta mai kyau da bakin rufi mai tsawo. Kauri na katanga ma fili yake ci, bulo mai inci 9 hagu da dama ƙafa ɗaya da rabi kenan, a lissafa shi tun a takarda. A nemi izinin mai gida a ji ta bakin matan kafin a sa madafa, su ke shan hayaƙin. A bar wa awaki da rumbu wuri, ko mai gidan ya rantse ya daina kiwo.

Yanzu ni da birkilan nan muke aiki, ba ofis, ba hatimi, in zane na bukatar sa hannun mai lasisi mu kai a duba mu biya. Aikin farko da ya shigo mana na ƙanin Malam ne, kuma Malam ɗin ne ya rako shi da kansa. Kuɗin da aka yanke mini kuwa har yau ba wanda ya ta da maganarsu.