Sifilin da ke cikin rahoton wata

Lokacin da na fara zagayen duba sashen tazarar haihuwa a ƙananan asibitocin Kaduna da Zariya, na ɗauka aikin bai wuce biro da takarda ba. In shiga, mu gaisa, in buɗe rajista in ƙirga, in kwatanta da abin da aka shigar a DHIS2, manhajar tattara alƙaluman asibitoci, in sa hannu in kama gabana. Ga shi kuma shirin NURHI na bunƙasa tazarar haihuwa a birane, wanda ya soma a 2009 a birane shida har da waɗannan biyun, ya yi suna wajen gyara ɗakin tazarar haihuwa cikin awa 72. Sai idona ya saba da auna asibiti da sabon fenti da labule.

Wani asibiti a wata unguwa mai cunkoso ne ya kwance mini wannan tunani. Wata biyu a jere rahotonsu yana nuna sifili a gurbin ashanar hannu, wato ɗan siririn maganin tazarar haihuwa da ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse. Har na rubuta a littafina cewa matan unguwar ba sa sonta, a ƙara wayar da kai. Ungozomar da ke riƙe da sashen, dattijuwa ce da ta kusa ajiye aiki, ta leƙa abin da na rubuta, ta yi murmushi.

"'Yata, taso ki gani."

Ta buɗe kabad. Ga ashanar Implanon ta shekara 3, ga Jadelle ta shekara 5, kwalayen ko ɓare su ba a yi ba. Abin da babu shi ne allurar kashe zafi da safar hannu da auduga. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma waɗannan ƙananan kayan aikin sau da yawa mai zuwa ake cewa ta sayo. Matar da ta fito da kuɗin Keke Napep kaɗai, ina za ta samo? Sai ta karɓi allurar wata 3, ko ta koma gida da "ki dawo wani satin".

Na ce, "To Sista, su waɗanda suka koma fa, a ina kike rubuta su?"

Ta ce, "Wadda ba a yi wa komai ba ai ba ta da layi a rajista."

Kunya ta kama ni, na soke abin da na rubuta. Ashe sifili iri-iri ne. Akwai na babu mai so, akwai na kaya sun ƙare, akwai na wadda ta iya sakawa ta tafi hutun haihuwa. A kwamfuta duk kamanninsu ɗaya.

Daga nan na koyi zama a benci kafin in taɓa takarda. A nan na ga mai goyon da ta zo da sunan rigakafin jariri, sai da layi ya watse ta matsa kusa da Sista ta yi magana ƙasa-ƙasa. Katinta ma a durowar asibiti take barinsa, don kada a gani a gida. Irinta idan ta hango maƙwabciya a layi sai ta sauya asibiti, can kuma a rubuta ta a matsayin sabuwa. Mu kuwa muna ta murna sababbi sun ƙaru, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 ne kawai na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cirewa. A taron bita kowa tambayarsa ashana nawa aka saka. Ban taɓa jin an tambayi mata nawa suka zo a cire musu aka ce su dawo ba. Na tarar da wata da jini ya rikice mata, zuwanta na uku ke nan. Ta ce da ta san fitar ta fi shigar wuya, da ba ta yarda ba, kuma haka za ta faɗa wa ƙannenta.

Yanzu duk asibitin da na je nakan bar ƙaramin littafi, a riƙa ja mini layi ɗaya kan duk wadda ta koma hannu rabbana, tare da dalili, ba suna. Wasu na cikawa, wasu na mantawa da shi a durowa. Ita dai dattijuwar nan, tun kafin in zauna take miƙo mini nata.