A Fara Tsayar da Rana, Sannan a Zaɓi Aikin da Zai Shiga

Duk manhajar da aka buɗe tushenta ga jama'a, muddin ana amfani da ita, rahotannin matsala za su riƙa shigowa fiye da yadda masu kula da ita za su iya magancewa. A nan Birnin Kebbi muna haɗa hannu a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke aiki tare a kai, kan wata 'yar ƙaramar manhaja da ƙungiyoyin manoman shinkafa ke rubuta bashin taki da buhunan da aka biya da su, kuma da yake dukkanmu aikin sa kai muke yi bayan an tashi daga wurin aiki, dole ne mu san abin da za mu taɓa da wanda zai jira.

Ra'ayina shi ne a fara tsayar da ranar fitar da sabon zubi, wato sabuwar fitowar manhajar da gyare-gyarenta, sannan a zaɓi aikin da zai shiga cikinsa. Haka wasu manyan manhajoji suke yi. Ubuntu, babbar manhajar sarrafa kwamfuta, tana fitowa kowane Afrilu da Oktoba, shi ya sa lambar 24.04 take nufin Afrilun 2024. Python, harshen rubuta manhaja, ta koma fitowa kowane Oktoba tun daga zubi na 3.9 a shekarar 2020. A Linux kuwa, tushen da aka gina Ubuntu a kai, jagoran aikin Linus Torvalds yana buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa na mako biyu kacal, daga nan sai a shafe kimanin mako bakwai ana gwaji da gyara. Debian, ita ma manhajar sarrafa kwamfuta, ta bi wata hanyar, inda take dakatar da sababbin abubuwa ta jira har manyan kurakurai su ragu, amma ita tana da ɗaruruwan masu aiki, mu kuwa ba mu cika hannu biyu ba. Idan rana ta tsayu, mai kula da manhaja zai iya ce wa abokin aikinsa, "Malam, aikinka ya yi kyau, amma sai zubi na gaba," ba tare da an ɓata rai ba, domin kowa ya san ka'idar tun farko.

Tamu ranar, gona ce take yanke ta. Muna fitar da zubi ɗaya kafin damina, ɗaya kafin noman rani, ba ma taɓa komai lokacin girbi, domin a lokacin ne sakatarorin ƙungiyoyi suke tsaye a bakin sikeli da waya a hannu, manoma na layi.

Wajen tace rahotanni, abin da muke fara tambaya shi ne wa matsalar take cutarwa. Wani zai rubuto cewa launin shafin farko bai yi masa ba, wani kuma ya ce idan sabis ya ɗauke yana cikin adana lissafi, buhu goma sai ya koma ashirin a kan sunan manomi. Na biyun zai iya haddasa rigima tsakanin maƙwabta, saboda haka ba a fitar da zubi sai an gyara shi. Rahoton da ya ce "manhaja ba ta aiki" kawai, muna neman mai shi ya faɗi irin wayarsa da abin da ya danna.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne barin na'ura ta riƙa rufe rahotanni da kanta. Akwai tsarin da ake amfani da shi a GitHub wanda, idan ba a sauya masa lissafi ba, yake yi wa rahoto alama bayan kwana 60 babu motsi, ya rufe shi bayan ƙarin kwana 7. Sakataren da ke Argungu ko Yawuri, wanda ya sayi data da kuɗinsa ya rubuto matsala, shirunsa jiran amsarmu ne, matsalar kuma tana nan a wayarsa. Idan mun san ba za mu yi aikin ba, ɗayanmu ne yake rubuta masa dalili da hannunsa kafin ya rufe, ya kuma gaya masa yadda zai bi ya kauce wa matsalar a zubin da yake amfani da shi.